Wa ya tambayi Inna labarinta?

Shekara guda ke nan da muka kai Inna makwancinta. A makon jiya 'yata, wadda ta ci sunanta muke ce mata Ummi, ta tambaye ni sunan matar da ta haifi Kaka da garin da ta fito. Na buɗe baki na rufe. Shekara hamsin ina zaune gaban matar nan, ban taɓa tambayarta ba.

Ni ne ɗan farinta, don haka har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kama sunana ba. "Yaron nan ya ci abinci?" Haka take tambayar ƙannena, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Duk ƙaunar da alkunya ta hana ta nuna mini, a kan 'ya'yana ta juye ta. Babbansu shi ne "maigida", kullum tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba, Ummi kuwa "takwara". Akwai wata langa a ƙarƙashin gadonta da ba ta rabo da ƙuli-ƙuli da dabino, kuma jika ne kawai ke da ikon buɗe ta. Bayan magariba almajirai uku ke sallama, kuma nasu tuwon take fara kwashewa da zafinsa kafin namu, domin ba ta yarda a ba ɗan wani ragowa ba.

Inna ba ta lissafi da kalanda. An yi aurenta "kafin a kashe Sardauna", wato kafin Janairun 1966. An haife ni "shekarar canjin kuɗi", 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam. A farin da aka yi a wannan tsakanin ta sayar da rabin kwanukan jerenta ta sayi gero. Wannan ma ba daga bakinta na ji ba, wata maƙwabciya ce ta faɗa a wajen zaman makoki, tana share hawaye.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba gidanmu kaɗai ba ne. Tambayi Bahaushe kakanninsa maza, zai jero maka uku ko huɗu har da sana'arsu. Tambaye shi ta wajen mata, zai tsaya a "Hajiya" ko "Iya". Kunyar kama sunan uwa tarbiyya ce mai kyau, ina kuma koya wa 'ya'yana. Amma mun bari ta zarce ta zama rashin tambaya, har jika ya girma bai san sunan yankan kakarsa ba.

Dubi Baba ta Karo. Tsohuwa ce kamar iyayenmu, ba ta haifi ɗa ko ɗaya ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu nazarin tarihi na komawa gare shi don sanin yadda aure da bauta da zuwan Turawa suka kasance a idon mace. Baƙuwa ce ta yi tambayar da mu 'yan gida ba ma yi. Tun kafin nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa matan da ta zauna da su marsiyya, ta bayyana halayensu, don kada a manta.

Na san za a ce mamaci addu'a yake buƙata, ba labari ba. Gaskiya ne, ba abin da ya kai ta. Sa'adu bin Ubada rijiya ya haƙa sadaka ga mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Sai dai cikin haƙƙin iyaye da Manzon Allah (SAW) ya ce yana nan bayan mutuwarsu akwai sada zumuncinsu da girmama aminansu. Ta yaya za ka sada zumuncin da ba ka san bakin zarensa ba? Muna kafa rumfa ranar arba'in, mu dafa buhunan shinkafa, mu buga kalanda da hoton marigayiya, amma ƙawarta ta ƙuruciya tana can kwance a ɗaki, ba wanda ya leƙa ta tun ranar uku.

Ƙanwar Inna tana nan da rai a ƙauye, ido ya yi rauni amma hankalinta garau. Ranar Asabar na ɗauki Ummi muka je, na ajiye waya a kan tabarma na kunna naɗar murya. Na ce, "Iya, ki ba mu labarin mahaifiyarku." Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, sannan ta jawo Ummi jikinta ta fara.