Rana na bisa kanmu, muna sayen zafi!

Jama'a, da zarar hunturu ya kama, sai kasuwannin Maraɗi da Damagaram su cika da na'urorin ɗuma ɗaki da na dafa ruwa masu aiki da lantarki. Ɗan kasuwa ya ci riba, ma'aikaci ya yi kuka ranar biyan kuɗin wuta.

Ga wani sabon ruɗi kuma: wai ka ɗora allunan sola bisa rufi, ka jona hita, magana ta ƙare. Ƙarya ce! Hita mai wat 2000 tana cinye aikin alluna huɗu ko biyar. Sanyi kuwa da dare da asuba yake cizo, lokacin da allo ba ya ba da kome, sai an zuba kuɗi ga batura. Allon ma kimanin kashi 20 cikin ɗari na hasken yake mayarwa lantarki. Tankin da rana ke ɗumawa kai tsaye yana kama kusan rabi, ya adana ruwan zafi har wanshekare.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Tun 1965 aka kafa ONERSOL a Yamai, inda Farfesa Abdou Moumouni ya ƙera irin waɗannan tankuna. Mun laƙaba wa jami'a sunansa, mun binne aikinsa. Da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, asirinmu ya tonu.

Ya ku mahukunta, ku wajabta tankin rana a gidajen haihuwa da makarantun kwana, a koya wa maƙeranmu sana'ar. Rana ba ta aiko da takardar biya!