Hukuncin Tiyatar Cire Kumburin Ƙasan Ido

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, tambaya ta yawaita a kan aikin da likitoci ke yi wa fatar ido ta ƙasa domin cire kumburin da ke sa mutum ya yi kama da wanda ya gaji ko ya tsufa. Shin ya halatta?

Ka fara sanin abin da ake yankawa. Allah Ya sanya kitse kewaye da ƙwayar ido domin kiyaye ta. Idan shekaru suka ja, yanar da ke riƙe da kitsen takan saki, sai ya turo gaba. Wasu kuma gadonsa suke yi. Likita yakan tsaga ta cikin fatar ko ta ƙarƙashin gashin ido, ya rage kitsen ko ya shimfiɗa shi. Aikin yana da haɗari: fatar na iya zazzagowa ko ta juyo waje, ido na iya bushewa, kuma jefi-jefi jini kan taru a bayan ido har gani ya tafi.

Ma'aunin Shari'a shi ne bambanci tsakanin gusar da aibi da neman ƙarin kyau. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da sa na zinari, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Wannan gyara ne. Amma a hadisin Ibn Mas'ud na Buhari da Muslim an la'anci masu yin wushirya da gangan domin ado, an kuma bayyana dalili: canja halittar Allah, abin da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta nuna cewa yana cikin umarnin Shaiɗan. A kan haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tafi a zamanta na 2007 a Maleshiya, inda ta halatta tiyatar gyaran nakasa, ta hana cire tamojin tsufa sai in akwai cuta.

Saboda haka wanda ƙuna ko haɗarin babur ya ɓata masa fatar ido, ko gashin idonsa ya juya ciki yana gogar ƙwaya, kamar yadda mutanenmu na karkarar Damagaram da Maraɗi suka sha fama, ya hanzarta zuwa asibiti, domin kiyaye gani wajibi ne. Wanda kuwa lafiyarsa ƙalau, madubi da hotunan waya kaɗai suka dame shi, abin da ya rinjaya a wurina shi ne hani. Idan ya haɗa da ɓoye shekaru ga mai neman aure, yaudara ta shigo, laifin ya ninku.

Ke ma ƴar'uwa, kada gorin kishiya ko na miji ya kai ki ƙarƙashin wuƙa. Kai kuma maigida, ka ji tsoron Allah: idon da kake kushewa, rashin barcin renon ƴaƴanka yana cikin abin da ya gajiyar da shi.

Sa'an nan ka sani, ba kowane kumburi ne tsufa ba. Ƙarancin barci da yawan gishiri suna kawo shi, haka nan ciwon ƙoda, musamman idan fuska na kumbura da safe tare da ƙafafu. Wanda ya ga haka, gwajin fitsari da awon hawan jini ne buƙatarsa, ba kwalliya ba.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, Ya kyautata halayenmu. Wallahu a'alam.