KADA KI BA ƊAN GWANGWAN KEKEN BABA

'Yan uwana mata! Yau da ku nake, kuma ba da wasa na zo ba.

Kwanakin baya na shiga gidan wata maƙwabciyata, na tarar tana ciniki da ɗan gwangwan a zaure. Me ake sayarwa? Keken marigayi surukinta ne, Rali baƙi, wanda ya daɗe a jingine a bayan ɗaki. Wai ya tsare mata wurin shanya. Yaron ya jinjina shi ya ce bokitin roba biyu da baho ɗaya. Na ce, "Haba Yaya, maigidan ya sani kuwa?" Ta ce, "Wannan ruɓaɓɓen ƙarfen har sai an yi shawara?"

To ki saurara, 'yar uwa. Wannan abin da kike kira ruɓaɓɓe, kamfanin Raleigh ne ya ƙera shi, wanda aka kafa a garin Nottingham ta Ingila tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Masana'antarsu ta can ta daina ƙera keke a 2002, wato irin wannan ƙirar ba za a sake yin ta a wurin ba. Ki duba goshinsa za ki ga tambarin kan zalɓe. Birkinsa na sandar ƙarfe ne, babu wayar da za ta tsinke. In mai giya uku ne, ki goge cibiyar tayar baya, sau da yawa shekarar da aka yi ta na nan a rubuce. A kan irinsa iyayenmu suka ɗauko buhun hatsi daga ƙauye, da kuɗin aka haɗa wa wasunmu kayan ɗaki. Yanzu kuma shi ne ya zama bola?

Tsatsar da ke tsorata ki ma yawanci a sama take. Kananzir da soson ƙarfe, irin wanda kike wanke tukunya da shi, sun ishe ta. Mai gyaran keke zai sa sabon boris da giris, ya canja taya, ya ɗaure waya. Roƙona ɗaya, kada a bari ya labta masa fentin ƙofa, ya rufe siraran layukan nan masu ruwan gwal.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne girman kai. Mu ne masu yi wa saurayi dariya in ya zo zance a keke, mu ne kuma masu kukan kuɗin mota tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Kullum ki ƙirga wa yaro kuɗin adaidaita zuwa makaranta, ga abin hawa a bayan ɗakinki kaji na kwana a kai!

Sannan wa ma ya ce naki ne? Kayan mamaci gado ne, akwai haƙƙin ƙannen mijinki a ciki. Ranar da suka tambaya, bahon za ki nuna musu?

Ni dai ban bar zauren nan ba sai da ɗan gwangwan ya kwashe robobinsa. Ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Yanzu babban ɗanta ne ke hawan keken zuwa makaranta, ƙanwarsa a baya. Ƙararrawar ce kawai har yau ta ƙi yin ƙara.