Wasiƙa a Buɗe ga Masu Kula da Kwamfutocin Ma'aikatu

Kuskuren da ya fi yaɗuwa a wannan sana'a shi ne ɗaukar tsaro a matsayin haja: a sayi manhajar riga-kafi, a ɗora, hankali ya kwanta. Alhali galibin ɓarna ta kafar sakaci take shigowa. A watan Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har wasu asibitocin Ingila suka soke ganin likita da tiyata. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da gyaran kafar da manhajar ta bi tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa ba su sabunta ba ne.

Kalmar sirri ma tana da nata camfin. An daɗe ana tilasta wa ma'aikata sauya ta duk bayan wata uku, sai su ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, ko su rubuta ta a takarda su manna jikin allo. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a daina wannan sai in akwai alamar kalmar ta fita, a fifita tsawo. Ko doguwar ma ba ta isa ita kaɗai ba. Kutsen da ya tsayar da bututun man Colonial Pipeline a 2021 ya biyo ta wani tsohon asusu ne mara matakin tantancewa na biyu, kuma kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Alamar kwaɗo a adireshin shafi tana nufin an lulluɓe saƙo a hanya, ba ta shaidar amanar mai shafin; 'yan damfara ma suna samun ta kyauta. Haka nan cire kwamfuta daga intanet bai hana muguwar manhajar Stuxnet isa cibiyar nukiliyar Natanz ta Iran ba.

Sai masu cewa ƙaramar ma'aikata ba ta da abin sata. Yawancin masu kutse ba zaɓe suke yi ba, manhaja ce ke laluben kowace kafa dare da rana. Ƙarama ma kan zama ƙofar shiga babba: a 2013 ta hannun ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki aka shiga kantunan Target, aka kwashe bayanan katin banki miliyan 40.

Ya kamata ma'aikacin tsaro ya rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari, ya kuma riƙa gwada dawo da ajiyar bayanai tun kafin buƙatarta ta taso.