Araha Ba Ta Ado: Mu Kula Da Wayar Soket A Gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da mutanen karkara.

Ni ɗan tireda ne. Na yi shekaru ina tari har Allah Ya nufa na gina ɗaki biyu da shago. Da za a sa mini mita sai ma'aikaci ya zo duba wayarin. Ya kwance soket ɗaya, ya girgiza kai, ya ce aikin bai yi ba. Ashe mai haɗa wutar da na ɗauka saboda sauƙin kuɗinsa ya ja mini waya mai lamba 1.5 a kowane soket, alhali wannan ta ƙwan fitila ce da fanka. Ta soket 2.5 ce, irin su kukar girki kuwa sai 4 ko 6.

Wallahi raina ya ɓaci. Wani aboki har cewa ya yi in ba shi na goro a rufe maganar. Sai ma'aikacin ya yi mini lissafi. Hita mai wat 2000 da dutsen guga mai wat 1500, in aka jona su tare, suna jan fiye da amfiya 15. Wayar 1.5 da ke cikin bango kusan iyakar ƙarfinta ke nan, tun kafin a sa firjin da nake sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ga shi kuma birekar da aka sa mini mai lamba 32 ce, wato waya za ta yi zafi, robarta ta narke, ita kuwa bireka ba za ta katse ba. To jama'a, in wuta ta tashi da tsakar dare iyali na barci, goron zai kashe ta?

Abin da na yi, na kira wani mai takardar shaidar aiki. Da farko ya mayar da birekar mai lamba 10, muka daina jona hita da dutsen guga. Da na sami kuɗi aka zare siraran, aka zura 2.5 ta cikin bututun da ke bango, aka sa bireka mai lamba 20 da wayar ƙasa. Tsohuwar wayar ba ta tafi a banza ba, da ita aka ja fitilun zaure. Aka sake dubawa, aiki ya yi.

Saboda haka 'yan'uwa, ku je da kanku a sayi waya a gabanku, ku karanta lambar da ke jikinta. Ku kankare bakinta, in kun ga fari a ciki to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. In soket ya yi baƙi ko kun ji ƙaurin roba, a kashe wuta nan take. A daina naɗa waya a fis in ya ƙone.

Ina kuma kira ga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba irin wannan aiki, da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, su riƙa wayar da kan jama'a da Hausa a rediyo, su kuma shiga kasuwanni su kwashe jabun waya. Talaka ba ƙin gaskiya yake ba, rashin sani ne.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mu da gobara, amin.

Naku mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda,
Tudun Wada, Zariya.