Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi: kiɗan Hawus a bikin birnin Shikago

A ƴan shekarun nan, idan sanyi ya ja da baya a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ma'aikatar magajin gari takan shirya wani babban biki na kiɗa da rawa wanda ba a biyan ko tamma wajen shiga. A fili ake yin sa, da rana tsaka, kuma an sha yin sa a dandalin Millennium Park da ke tsakiyar gari, inda ake ganin kakanni da jikoki suna taka rawa ƴan sanda na tsaron su. Kiɗan da ake taruwa dominsa ana kiran sa Hawus, kuma a shekara ta 2024 hukumar birnin ta yi shagalin cikarsa shekara 40, tana alfahari da cewa a ƙasarta aka yanke masa cibi. Sunan ba shi da wata dangantaka da Hausa ko Hausawa. A Turancin Ingila ma'anarsa gida. To amma wane gida ne, kuma su wane ne mutanen gidan?

A shekara ta 1977 wani mutum mai suna Robert Williams ya buɗe gidan rawa a cikin wani tsohon ginin masana'anta, lamba 206 a kan titin South Jefferson, aka sa masa suna Warehouse, wato mangazar ajiye kaya. Ba kowa ke shiga ba sai mai katin zama ɗan gida. Ba a sayar da giya a ciki, sai ruwa da lemo, saboda haka dokar da ta ƙayyade wa mashaya lokacin rufewa ba ta hau kansa ba: ana buɗewa tsakar daren Asabar, ba a watsewa sai rana ta take ran Lahadi. Mafi yawan masu zuwa baƙaƙen fata ne, da ƴan asalin Amurka ta Kudu da tsibiranta, kuma maza ne masu neman maza. Waɗannan mutane ƙofa biyu aka rufe musu. A unguwanninsu na kudancin birni, dangi da majami'u ba su son ganin su; a gidajen rawa na farar fata masu irin halinsu da ke arewacin birni kuwa, mai gadi yakan tambayi baƙin mutum takardun shaida biyu ko uku, don dai ya gaji ya juya. Abin da addini da al'ada suka ce game da wannan hali sananne ne ga mai karatu, ba shi ne zancen wannan fili ba. Zancen na haƙƙi ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani: wanda ya ƙera kaya shi ya ƙera su, ko ana son fuskarsa ko ba a so.

Maƙerin kuwa shi ne Frankie Knuckles, wanda aka haifa a birnin New York a 1955. Williams ya fara neman abokinsa Larry Levan ya zo ya riƙa juya faifai a sabon gidan, Levan ya ƙi barin New York, aiki ya faɗa hannun Knuckles. A lokacin kiɗan disko ne ke tashe, kiɗan da shi ma ya girma a irin waɗannan gidaje na New York, inda faifan Manu Dibango na Kamaru, Soul Makossa na 1972, ya fara samun karɓuwa tun gidajen rediyon Amurka ba su san da shi ba.

Sai aka yi wani abu a Shikago ran 12 ga watan Yuli na 1979. Wani ma'aikacin rediyo, Steve Dahl, wanda ya rasa aikinsa lokacin da tasharsa ta koma sa disko, ya kira jama'a filin wasa na Comiskey Park, aka ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga da kuɗin da bai kai dalar Amurka guda ba. Kimanin mutum 50,000 suka hallara, akasarinsu samari farar fata. Aka tara fayafayai cikin akwati a tsakiyar fili aka tashe su da nakiya, samari suka ɓalle cikin fili suna ƙone-ƙone, har wasa na biyu da aka shirya a daren ya gagara. Dahl ya sha musanta cewa ƙiyayyar launi ko ta masu neman maza ce ta sa shi. Amma wani yaro baƙar fata mai suna Vince Lawrence, wanda ke aikin nuna wa ƴan kallo wurin zama a wannan dare, ya ba da shaida daga baya cewa da yawa daga fayafayan da aka kawo ba na disko ba ne sam, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai. Bayan wannan dare manyan kamfanonin faifai suka janye jiki daga disko kamar yadda dillali ke janyewa daga hajar da kasuwarta ta faɗi.

A nan ne basira ta yi aikinta. Da sababbin fayafayai suka yi wuya, Knuckles ya koma kan tsofaffi. Yakan ɗauki waƙa a zaren rikoda, a yanka zaren da reza, a fid da wurin da ke sanyaya jikin masu rawa, a maimaita wurin da ke motsa su, a liƙe, har waƙar minti huɗu ta koma ta minti goma. Daga baya ya samu wani akwatin ganga na lantarki, ƙirar kamfanin Roland na Japan, daga hannun Derrick May na birnin Detroit, ya riƙa shimfiɗa bugunsa a ƙarƙashin waƙoƙin. Irin waɗannan akwatuna, TR-808 da TR-909, kamfanin ya yi su ne don makaɗa na sosai, makaɗan suka raina su don sautinsu bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, suka ƙare a shagunan kayan gwanjo da araha, inda yaran talakawa suka tsince su. Bugu ne guda mai nauyi, ba ya sauri ba ya jinkiri, wajen 120 a cikin minti ɗaya ko sama da haka kaɗan, kamar luguden mata da sun samu sa'ar juna a bakin turmi. A kansa ake ɗora muryoyi irin na mawaƙan majami'ar baƙaƙen Amurka, domin mafi yawan masu rawar can suka tashi kafin a nuna musu ƙofa. Shi kansa Knuckles ya kwatanta gidan da majami'ar waɗanda aka fitar daga rahama, ya kuma kira kiɗan ramuwar disko.

Sunan ma daga kasuwa ya fito. Masu saye sukan je wani kantin faifai mai suna Importes Etc. suna tambayar irin abin da suka ji a Warehouse, ƴan kanti suka ware musu wuri suka rubuta sunan gidan, da tafiya ta yi tafiya aka gutsure sunan ya koma Hawus. Knuckles ya bar gidan a 1982 ya buɗe nasa mai suna Power Plant, Williams kuma ya ɗauko Ron Hardy ya ba shi Music Box, shi kuwa Hardy kiɗansa ya fi zafi da hauka. Kafin wannan lokaci samari da ƴan matan kudancin birni waɗanda ba su cikin waccan harka sun riga sun kamu, ta hanyar masu juya faifai irin su Wayne Williams da kuma shirye-shiryen tashar rediyon WBMX. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da On and On, faifan da hukumar birni ke ƙidaya shekaru daga kansa. Cikin waɗanda suka tsara shi har da Vince Lawrence, yaron nan na filin Comiskey.

Daga nan gardi ya shigo. Wani ɗan kasuwa, Larry Sherman, yana da masana'antar buga faifai a birnin, ya kafa kamfanin Trax. Yaro zai kawo waƙar da ya haɗa a ɗakin uwarsa, a ba shi ɗan abin da aka ba shi, wani lokaci da takarda wani lokaci babu, faifai ya fita. Har tsofaffin fayafayai ake narkewa a sake bugawa don rage tsada, shi ya sa masu tara kayan Trax suka san su da ƙarar tsatsa tun suna sababbi. Kayan suka haye teku. A watan Janairu na 1987 Jack Your Body na Steve Hurley, wanda wani kamfanin Shikago dabam ya buga, ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar faifai ta Ingila, alhali a Amurka manyan tashoshi ba su kula da irinsa ba. A 1988 matasan Ingila suka rungumi kiɗan baki ɗaya, daga can ya bazu Turai. Faransa ta fitar da nata gwanaye, Daft Punk da David Guetta. A Afirka ta Kudu ya haifi kwaito, kuma amapiano da matasa ke saurare yanzu a wayoyinsu jikansa ne. A yaba wa Daft Punk da abu guda: a kundinsu na 1997 sun keɓe waƙa sukutum suna jera sunayen malamansu, da yawansu ƴan Shikago. Ba kowa ya yi wannan kara ba. Da kiɗan ya koma Amurka a matsayin babbar haja, matasa da yawa sun ɗauka daga Turai ya samo asali.

Su kuwa masu abin, sida ta shiga cikinsu a shekarun 1980 ta yi musu ɓarna mai yawa, ta kwashe masu rawa da masu kiɗa tun suna samari. Ron Hardy da Larry Levan duka sun rasu a 1992, ba wanda ya kai shekara 40 a cikinsu. Zancen kuɗi kuma ya daɗe yana ja. A 2020 Larry Heard da Robert Owens suka kai kamfanin Trax kotu suna cewa ba a biya su haƙƙinsu ba, aka sasanta a 2022 waƙoƙinsu suka koma hannunsu, bayan fiye da shekara 30. A wannan shekarar wasu mawaƙan, cikinsu har da Marshall Jefferson da Vince Lawrence, suka shigar da tasu ƙarar.

Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da abin dubawa a nan, domin hukumar da ke shirya biki yau ita ce ta riƙa kafa shinge jiya. A 1987, shekarar da kiɗan ya ci kasuwar Ingila, majalisar birnin ta yi doka ta tilasta wa gidajen rawa marasa giya su riƙa rufewa lokaci ɗaya da mashaya, wanda ya zama yankan jijiya ga gidajen da suka reni kiɗan. Ba a jima ba Knuckles ya koma New York. A shekara ta 2000 aka ƙara wata doka mai cin tarar dalar Amurka 10,000, wajen miliyon 7 na CFA a canjin lokacin, a kan mai gida da mai shirya taro da mai juya faifai idan aka yi rawa ba da izini ba. Hukuma na da hujjarta, ta ƙwaya da hayaniya da tsaron yara, kuma ba hujjar banza ba ce. Sai dai an yi wa mai laifi da marar laifi aski da aska ɗaya, kuma ba a waiwayi abin ba sai da baƙi suka fara zuwa daga Landan da Paris suna tambayar ina Warehouse yake.

Girmamawa ta zo, amma a makare. Knuckles ya amshi kyautar Grammy a 1998. Ran 25 ga watan Agusta na 2004 aka raɗa wa wani yanki na titin Jefferson sunansa, da goyon bayan Barack Obama, wanda a lokacin ɗan majalisar dattawan jahar Illinois ne. Ya rasu ran 31 ga watan Maris na 2014 yana da shekara 59, ciwon sukari ya daɗe yana cin sa, kuma bayan rasuwarsa aka ajiye fayafayansa kimanin 5,000 a cibiyar Stony Island Arts Bank a kudancin birnin. A 2022 Beyoncé ta fitar da kundin Renaissance a kan wannan kiɗa, ta sadaukar da shi ga wani ɗan uwanta da take kira kawu Jonny, wanda sida ta kashe, da kuma magabatan da ba a ambata ba, ta kuma jawo Honey Dijon, haifaffiyar Shikago wadda ta tashi a waɗannan gidajen rawa, cikin aikin.

Abin da ake ja a kansa yanzu game da bukukuwan birni shi ne wa ake kira bisa dandamali, nawa ake biyan sa, kuma wane labari ake ba jama'a. Rawar rana a fili, da iyali da abinci, ba ita ce rawar dare a bayan ƙofa ba, kuma abu ne mai sauƙi a ce kiɗa na kowa ne, a tsallake bayanin waɗanda suka ƙirƙire shi don ba su da wurin zuwa. Taron Chosen Few, wanda ya fara a 1990 kamar walimar dangi, yau yana tara dubban mutane a Jackson Park kowane watan Yuli, kuma jama'ar unguwa ne suka raya shi da kansu tun hukuma ba ta san darajar abin ba.

Shi kuwa ginin lamba 206, an sayar da shi a ƙarshen 2022, aka ji tsoron kada a rushe shi. Ƙungiyar Preservation Chicago ta sa shi cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, majalisar birni ta amince a watan Yuni na 2023 ya zama wurin tarihi. Dokar ta kare bangonsa na waje da fuskarsa ta bakin titi. Cikinsa kuwa lauyoyin da suka saye shi ne ke da iko da shi.