RAM 8 ne a jikin kwali, amma wayarka sai saiɓi: daina zargin Android

Duk sanda waya ta fara nauyi, amsa biyu za ka ji a kasuwa. Mai sayarwa zai ce maka RAM ɗinka ya yi kaɗan, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai 8 ko 12. Mai gyara kuma zai ce Android ce ta cika, kawo a yi mata filashin. Dukansu biyu aljihunka suke kallo. Babu wanda zai gaya maka cewa na'ura tana iya samun RAM mai yawa, kuma yawan ne ma ya zama silar saiɓinta, idan manhajar tushe da kamfani ya dasa mata tana da matsala.

Manhajar tushe ita ce wadda take fara farkawa kafin Windows ko Android su buɗe ido. A kwamfuta ita ake kira BIOS. Aikinta ta ƙirga kayan da ke cikin na'ura, ta tsara su, sannan ta miƙa wa babbar manhaja. Idan ta yi kuskure a nan, babbar manhaja ta gaji kuskuren ke nan, kuma ita za ka zaga.

Ga misali wanda ya faru. Wajen shekarar 2007, masu wasu kwamfutoci da ke kan babban allon Intel na jerin 965 sun riƙa cika su da RAM giga 8, suna murna. Suna kunnawa sai na'ura ta koma kunkuru. Abin da take buɗewa nan take sai ya ɗauki mintuna. Idan suka zare rabin RAM ɗin, suka bar giga 4, sai ta dawo da gudunta. Masu Linux suka zargi Linux, masu Windows Vista suka zargi Vista. Alhali kwamfuta ɗaya ce, ka sa mata wannan ta yi saiɓi, ka sa mata wancan ta yi saiɓi. To wa ke da laifi?

Abin da ke faruwa shi ne wannan. Furosesa ya fi RAM sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa yake da wata 'yar ma'ajiyar gaggawa a cikin cikinsa, inda yake ajiye abin da yake yawan buƙata. Kamar mai shayi ne da ya ajiye sukari da madara a kan tebur, ba sai ya ruga shago ba duk sanda aka ce a haɗa kofi ɗaya. Amma furosesa ba ya kwafo abu zuwa wannan ma'ajiya sai daga yankin da aka ba shi izini. Izinin yana rubuce a wasu 'yan rajistoci da ake kira MTRR, kuma BIOS ce take cika su lokacin kunnawa. A waɗancan kwamfutocin BIOS ta yi lissafi ba daidai ba, ta bar wani yanki na can saman RAM babu izini. Duk shirin da ya faɗa wannan yankin, sai furosesa ya koma zuwa shago a kan kowane cokalin sukari.

Yankin ba wani babba ba ne, amma ya isa ya durƙusar da na'ura gaba ɗaya. A shekarar 2008, cikin Linux 2.6.25, masu haɓaka ta suka sa ta riƙa duba wannan da kanta: idan ta ga yankin da BIOS ta manta, sai ta yar da shi, ta rubuta gargaɗi cewa BIOS na da matsala, ga adadin RAM da aka yi asara. Ka lura da kyau: maganin saiɓi a nan rage RAM ne, ba ƙari ba. Gyara na gaskiya kuwa sai da kamfani ya fitar da sabuwar BIOS.

Za ka ce ai wannan kwamfuta ce, ni waya nake riƙewa. To dawo 2016. OnePlus 3 ta fito da RAM giga 6, lokacin da Galaxy S7 ke da 4. Masu gwaji suka jera su, sai ga mai 6 tana rufe manhajoji a bayan fage, tana sake loda su daga farko, mai 4 tana riƙe da nata. Da aka bincika sai aka tarar kamfanin ya sa iyaka a cikin tsarin wayar kan adadin manhajojin da za su zauna a buɗe, wai don batir. Wannan ba irin kuskuren Intel ba ne, da gangan aka yi, amma ga mai waya duk kanwar ja ce: ya biya kuɗin RAM da ba a bar shi ya mora ba. Sai da aka yi ta surutu sannan suka sassauta a sabuntawar OxygenOS 3.2.

Yanzu kuma an shigo da sabon salo, wanda ni shi ya fi ba ni haushi: 8+8, 4+4, an rubuta da manyan baƙaƙe a kwali. Malam, wancan ƙarin ba RAM ba ne. Galibi yanki ne aka yanka daga ma'ajiyar da kake zuba hotuna da bidiyo, aka ce ta yi aikin RAM. Ma'ajiyar eMMC 5.1 da ke cikin ƙananan wayoyi iyakar gudunta megabayit 400 ne a daƙiƙa, a takarda ma ke nan. RAM na gaske a irin waɗannan wayoyin yana haura gigabayit 10 a daƙiƙa. Yana iya taimakawa manhaja ta daɗe ba a rufe ta ba, ban musa ba. Amma a haɗa jaki da doki a ce maka dawaki biyu ne, wannan kam cin fuska ne.

Su kuma manhajojin nan masu tsintsiya da roka, masu cewa za su share maka RAM, cire su kawai. Android da gangan take barin abubuwa a RAM don su buɗe da wuri. Ka share, ta sake lodawa, batir ya tafi, su kuma sun nuna maka talla.

To me za ka yi? Fara shiga Settings ka duba ko akwai sabuntawa daga kamfani, domin irin wannan gyaran ta nan yake zuwa, ba ta Play Store ba. Ka ajiye kwafin bayananka tukuna, ka sa caji. Sannan nemi inda ake kashe ƙarin RAM ɗin nan, wasu suna kiransa RAM Plus, wasu MemFusion, wasu Memory Extension. Kashe shi, sake kunna wayar, yi aiki da ita kwana biyu ka ga bambanci da idonka. Idan saiɓin ya fara ne washegarin wata sabuntawa, kada ka bari a ce maka wai wayar ce ta tsufa cikin dare ɗaya. Kunna ta a Safe Mode: in ta yi sauri, wata manhajar da ka sauke ce, in tana nan yadda take, ƙorafinka ya nufi kamfani, ka kai ta ofishinsu tun garanti bai ƙare ba.

In kuwa dole sai an yi filashin, tsaya a kansa ka ga lambar samfurin da ke jikin fayil ɗin ta yi daidai da ta wayarka, harafi da harafi. Waya ɗaya tana iya fitowa da nau'i biyu ko uku masu kayan ciki daban, kuma manhajar tushen wani nau'in a kan naka tana iya barin wayar ko kunnuwa ba za ta yi ba.